Hannu Huɗu, Fiyano Ɗaya: Kiɗan da Ke Jiran Matasan Gwarzo da Kabo

Hanyar da ta tashi daga Kabuga a birnin Kano, ta bi ta gaban sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ta ratsa Rimin Gado ta shiga ƙasar Kabo da Gwarzo, hanya ce mai yawan biki idan kaka ta yi. Dawa da masara sun shigo gida, kuɗi sun shiga hannun manomi, sai ɗaurin aure ya kankama daga Garo har Getso. A da, kalangu ne ke sanar da unguwa cewa ana hidima a gidan wane, mata kuma suna ciki da ƙwaryarsu da shantunsu. Yau sautin da ya fi tashi daga lasifika na fiyano ne, ko dai waƙar da aka buga a situdiyo aka turo cikin waya, ko kuma wani saurayi da ya kafa na'urarsa a kan tebur, janareta na ruri a bayansa.

Ke nan fiyano ya daɗe da zama ɗan gida a yammacin Kano. Yaron da aka haifa a Kutama ko Lakwaya cikin shekaru ashirin da suka wuce ya ji sautinsa fiye da yadda ya ji na kukuma ko garaya. Sai dai fuska ɗaya tak muka sani ta wannan abin kiɗa, wato ta ɗan rakiyar mawaƙi. Akwai wata fuskar da duniya ta daɗe tana ji da ita: kiɗan da ake zama a tsara a rubuce domin fiyano shi kaɗai, babu murya babu waƙa, mutum ɗaya ya kaɗa, ko mutum biyu su haɗu a kansa da hannuwa huɗu. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage, kuma da gangunan garuruwansu suka yi ficen. Kiɗan ƙasar Hausa ne har yanzu bai samu rabon da ya dace da shi a wannan taska ba, alhali kayan aikin na nan jibge a ƙofar gida.

Yadda fiyano ya shigo

Masana'antar fina-finan Hausa ce ta buɗe masa ƙofa. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar fim ta bunƙasa a Kano, kuma kowane fim yana buƙatar waƙa. A cikin shekarun 1990 situdiyoyi irin na Iyan-Tama suka rungumi fiyanon lantarki na kamfanin Yamaha, samfurin PSR, na'urar da ke ɗauke da muryoyin kayan kiɗa iri-iri a cikinta. A danna nan ta yi kamar sarewa, a danna can ta yi kamar ganga. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa mutum ɗaya a cikin ɗaki zai iya fitar da sautin da ke kama da na ayarin makaɗa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi. Daga fim abin ya bazu zuwa waƙoƙin siyasa da na biki, har da na bege.

Ka tsaya kusa da mai fiyanon biki ka kalli hannuwansa. Kafin ya fara, sai ya zaɓi kari ɗaya daga cikin waɗanda kamfani ya zuba wa na'urar, ya saita saurinsa, ya danna, ganguna su kama bugawa da kansu. Hannun hagu yatsa biyu ko uku kawai yake aiki da su, yana riƙe da gindin kiɗa. Hannun dama yana bin muryar mawaƙi, yana cike gurbin da ya bari idan ya tsaya jan numfashi. Akwai gwaninta a ciki ƙwarai, domin yawancin waɗannan samari da kunne suka koya, ba wanda ya zaunar da su a aji. Waƙar da suka ji sau biyu, a na uku sun ɗauke ta. Amma nauyin kiɗan yana wuyan inji, kuma da zarar mawaƙi ya ajiye abin magana, taro ya ɗauka an tashi. Ba kasafai ake tsayawa a saurari abin da yatsun kansu za su iya faɗa ba.

Fiyanon asali da kiɗan da ake rubutawa

Fiyanon asali ba ya shan wuta. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a birnin Florence wajen shekarar 1700. Na yau yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe fiye da 200 da aka ɗaure tamau, ɗaurin da ƙarfin jansa kan kai tan 18 zuwa 20. Kowane maɓalli yana haɗe da 'yar guduma mai kan ulu. Idan yatsa ya sauka, gudumar ta doki waya ta koma mazauninta. Taɓawa a hankali ta ba da sauti mai laushi, dukan ƙarfi ya ba da amon da zai cika zaure. A ƙirarsa dai fiyano abin duka ne, dangin ganga, duk da cewa Turawa sun shafe ƙarnuka suna koya masa rera waƙa.

Kiɗan da ake tsara masa a takarda yake zama. Akwai layuka biyar-biyar da alamomin da ke nuna wane sauti za a taɓa, tsawonsa, ƙarfinsa, da inda za a yi shiru. Rubutun yana da amfani biyu. Na farko, mai tsara kiɗa zai iya barin duniya kiɗansa ya ci gaba da rayuwa a hannun wanda bai taɓa ganinsa ba, a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Na biyu, takarda tana ba shi damar ya gina abu mai tsawo, mai hawa-hawa, ya goge ya sake, har sai kowane bugu ya zauna a inda ya dace.

Shi kuwa kiɗan hannu huɗu, mutum biyu ne a kan benci ɗaya. Na dama yana riƙe da sautuka masu zaƙi na sama, na hagu yana riƙe da masu kauri na ƙasa, kuma shi ne yawanci ke taka feda a madadin su biyun. Kafin zuwan garmaho da rediyo, ta haka iyalai da yawa a Turai ke jin manyan kaɗe-kaɗe a cikin gidajensu. Mozart da yayarsa Nannerl sun yi shi tun suna yara. Schubert ya rubuta shahararriyar Fantasiyarsa ta hannu huɗu a 1828, shekarar da ya rasu. Brahms ya fitar da raye-rayen Hangari a 1869, Dvořák ya biyo da raye-rayen Silabawa a 1878, dukansu da farko domin hannu huɗu aka rubuta su, kuma daga salon rawar talakawa aka ɗebo su. A zamaninmu, György Kurtág na Hangari ya fara jerin gajerun kaɗe-kaɗensa mai suna Játékok a 1973, ya yi ta kaɗa su tare da matarsa Márta a benci ɗaya har tsufa ya cim musu.

Wani ɗan ƙasarsu, Béla Bartók, shi ne ya fi nuna hanya ga masu irin halinmu. Ya yi ta yawo ƙauyuka da na'urar ɗaukar sauti yana tattara waƙoƙin manoma, har ya kai yankin Biskra na Aljeriya a 1913. Abin da ya tara shi ya zama ƙashin bayan kiɗansa, ciki har da Mikrokosmos, darussa 153 da ake koya wa yara fiyano da su har gobe.

Akin Euba da fiyanon Afirka

A Najeriya, wanda ya ba wannan tunani suna da tsari shi ne Farfesa Akin Euba. An haife shi a Legas a 1935, ya yi karatun fiyano da tsara kiɗa a Kwalejin Trinity da ke Landan, ya ƙara ilmi a Amurka, sannan ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Gana da ke Legon. Binciken nasa a kan dundun ne, gangar Yarbawa wadda 'yar'uwar kalangu ce: ƙira ɗaya, tsukakken ƙugu ɗaya, kuma ita ma da matsa tsarkiya take magana. Euba ya lura cewa abin kiɗan da ya koya a Landan da gangar da ya tashi yana ji a gida duka da duka ake sarrafa su. Daga nan ya fito da abin da ya kira fiyanon Afirka: a maimaita gajeren salo kamar yadda makaɗa ke yi, a ɗauko kari ko rauji daga gargajiya, ko a ƙirƙiri sabo a kan ƙa'idarta, a kuma bar fiyano ya yi halin ganga.

Ya gwada wannan a aikace cikin Scenes from Traditional Life na 1970, sannan a 1987 ya fitar da Wakar Duru, darussa uku da ya gina ɗaya daga cikinsu a kan waƙar Gwarawa. Da ya koma koyarwa a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ya shirya babban taro a kan fiyanon Afirka a 1999. Ya rasu a 2020.

Ba shi kaɗai ba ne. Ayo Bankole, wanda aka haifa a Jos a 1935, ya bar manyan ayyukan fiyano kafin a kashe shi a Legas a 1976 yana da shekara 41. Joshua Uzoigwe, daga yankin Umuahia, ya yi nazarin ukom, jerin ƙananan gangunan Ibo da ake saita kowace da muryarta, ana kaɗa su a jana'izar manyan mata. Ya kwashe dabarun waɗannan makaɗa ya zuba su cikin aikinsa Talking Drums, wanda masu fiyano a ƙasashe da dama ke kaɗawa a yau. Fred Onovwerosuoke, ɗan Urhobo, ya rubuta darussa 24 a kan karin kiɗan sassan Afirka daban-daban. A Gana, Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya rubuta wa ɗalibai darussa 12, biyu daga cikinsu a kan waƙoƙin aiki na Builsa da Dagarti, mutanen arewacin Gana masu noman dawa da gero kamar mu.

Waɗannan ayyuka sun samu masu ɗaukarsu zuwa duniya. William Chapman Nyaho, Baganiye mazaunin Amurka, ya tattara kiɗan fiyano na Afirka da na 'ya'yanta da ke ƙetare cikin kundi biyar da Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fara fitarwa a 2007, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Shi kansa ya daɗe yana kiɗan mutum biyu tare da Susanna Garcia. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta fitar da faifan Ekele a 2018, ta kafa jerin tarukan kiɗan Afirka a Landan a 2019, ta kuma fitar da African Pianism a 2022. A cikin gida, ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da zaure da makaranta a Onikan inda ake koyar da irin wannan kiɗa.

Turawa ma sun ɗiba daga wannan rijiya. György Ligeti ya saurari kiɗan mutanen Banda Linda na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda masani Simha Arom ya ɗauka, kuma tasirin abin da ya ji ya fito fili a cikin darussan fiyano 18 da ya rubuta tsakanin 1985 da 2001, waɗanda ake lissafa su cikin mafiya wuya da aka rubuta a ƙarni na ashirin. Steve Reich na Amurka ya rubuta Piano Phase a 1967, inda mutum biyu ke maimaita salo ɗaya mai sauti 12, ɗayansu yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har sababbin salo su riƙa ɓullowa daga tsakaninsu. A 1970 ya tattara ya tafi Gana koyon gangunan Ewe.

Duba wannan jeri da kyau: Yarbawa, Ibo, Urhobo, mutanen Gana, Afirka ta Tsakiya. Kalangu da kotso da taushi da gangar noma suna can baya suna jiran mai rubuta su.

Misali daga Yamai

Wanda ya fi kusa da mu a wannan tafarki yana hayin iyaka. A 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya shiga gidan rediyon ƙasar Nijar da ogan ɗinsa na lantarki ƙirar Italiya, ya ɗauki kaset na kiɗa zalla. Ya ɗauko raujin waƙoƙin gargajiyar Nijar ya sake musu tufafi, ya haɗa da nasa na ƙashin kansa. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, da yawansu ba su san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin, duniya ta san shi. Bayansa an samu Hama, wani matashi a Yamai wanda kiɗansa na fiyanon Yamaha ya yi ta yawo a memorin wayoyi kafin a buga masa faifan Houmeissa a 2019. Su biyun sun tabbatar da abu ɗaya: kunnen mutumin Sahel yana karɓar kiɗan maɓallai ko da babu mawaƙi, matuƙar raujin na gida ne.

Taskar da ke Gwarzo da Kabo

Sau da yawa akan ce Bahaushe waƙa yake saurare, kiɗa rakiya ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Muna da take. Sarki yana da takensa, ɗan dambe yana da nasa, mahauci da maƙeri da manomin da ya yi fice a gayya kowa da nasa. Makaɗi zai saki taken mutum ba tare da ya buɗe baki ba, mai shi ya zabura daga inda yake zaune, jama'a kuma su san wa ake kira. Algaita da kakaki a ƙofar fada, sarewar makiyayi a bayan gari, garayar maharba, duk kiɗa ne da ke isar da saƙo da kansa. Al'ummar da ta saba jin magana a bakin ganga ba za ta sha wuyar jin ta a bakin fiyano ba.

Abu na biyu shi ne tsarin ayarin makaɗa. A kiɗan kalangu, irin wanda Alhaji Mamman Shata na Musawa ya kai ƙololuwa kafin rasuwarsa a 1999, babban kalangu ne ke magana, yana hawa yana sauka, ɗan karɓi yana amsa masa, kuntuku kuma yana riƙe da kari ba ya gezau. A waƙa ma haka ne: jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su mayar da gindi. Wannan rabon aiki shi ne ainihin abin da kiɗan hannu huɗu ke buƙata. Na hagu ya ɗauki aikin kuntuku da gindin waƙa, na dama ya ɗauki aikin jagora, can a tsakiya su yi musanya.

Wanda yake son ya ga yadda hannuwa huɗu ke zama lafiya a wuri ɗaya, ya leƙa tsakar gida ranar da ake dakan biki ya kalli lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta waccan na tashi. Ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta daidai gurbin da aka bar mata. Wata ta doki leɓen turmi ta fitar da wani sauti daban. Ba mai ƙirga, ba mai ba da umarni, kuma taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta. Kowace bugunta kaɗan ne, amma idan suka haɗu sai ka ji kari mai sauri wanda babu ɗayarsu da ta buga shi ita kaɗai. Irin wannan saƙa ce Ligeti ya ji a faifan Arom ta hana shi sukuni, ga ta kuwa a kowace unguwa daga Kabo har iyakar Katsina.

Akwai kuma sauƙi ta fuskar rauji. Waƙoƙin gargajiyar Hausa da yawa a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen maɓallan fiyano tsarin biyar-biyar gare su. Yaron da ya ɗora yatsunsa a kansu kaɗai zai ji abin da ya fito ya yi kusa da na gida tun ranar farko.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Kalangu yana magana ne domin makaɗi yana matse tsarkiya a hammatarsa, sauti ya zame daga ƙasa zuwa sama ko ya gangaro bayan gula ta riga ta sauka. Da wannan zamewa yake kwaikwayon karin sautin Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Fiyanon asali ba ya zamewa. Kowane maɓalli sautinsa ɗaya, a tsaye. Wannan ita ce babbar matsalar da mai tsara kiɗan Hausa zai fuskanta, kuma a wajen warware ta ne fasaharsa za ta bayyana. Wasu sun riga sun gwada dabaru. Akan haɗa maɓallai biyu maƙwabta, a taɓa ɗaya a guje zuwa ɗaya, kunne ya ji kamar an zame. Fazıl Say na Turkiyya, a aikinsa Kara Toprak na 1997, yakan zura hannu ɗaya cikin fiyano ya danne wayoyi, ɗaya hannun yana buga maɓallai, sai sautin ya fito a shaƙe kamar na molon ƙasarsu. Mai son ya sa fiyano ya yi muryar gurmi ko kuntigin Ɗan Maraya Jos yana da darasi a nan.

Kuma ba daga sifili za a fara ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Fremont Besmer ya yi nazarin makaɗan fadar Kano. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi bincike a kan Shata, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, ya kuma tsara hanyar nazarinsu. Mafi yawan ƙoƙarin da aka yi a gida ya karkata ga kalmomin waƙa. Bugun da ke ƙarƙashin kalmomin shi ne ke buƙatar nasa marubutan.

Abin da ke tare hanya

Cikas na farko na zamantakewa ne. A al'adar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an ɗaura shi da roƙo, shi ya sa iyaye da yawa ba sa son a kira ɗansu makaɗi. Ga kuma saɓanin malamai a kan hukuncin kayan kiɗa, wanda kowane gida yake bin fatawar da ya natsu da ita, kuma wannan haƙƙinsa ne. Abin da ya dace a sani shi ne siffar wannan kiɗa: ba a yi wa kowa kirari a cikinsa, ba a zambo, ba a liƙi, ba ya buƙatar dandali. Karatu ne na shekaru, mai neman haƙuri da lissafi da natsuwa, wanda 'yan'uwa biyu mata za su iya yi a ɗakin mahaifiyarsu.

Na biyu yanayi ne. Fiyanon asali katako ne da ulu da ƙarfe, kuma masu ƙera shi suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A hunturun Kano danshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan damina ta zo ta cika iska da ruwa. Katako ya tsuke ya kumbura, saiti ya ɓaci, wani lokaci allon sautin ya tsage, ga mai gyara sai an nemo shi daga nesa. Saboda haka abin da ya dace da Gwarzo da Kabo shi ne fiyanon lantarki mai maɓallai 88 masu nauyi, wanda ke jin bambancin taɓawa da duka, kuma ƙaramar sola ta ishe shi. Na biki mai maɓallai 61 zai yi wa mai koyo a farko, amma ya yi wa mutum biyu ƙunci.

Na uku malamai ne. Sassan koyar da kiɗa da suka daɗe a jami'o'in Najeriya, irin na Nsukka da aka buɗe a farkon shekarun 1960, da na Ile-Ife da Uyo da Abraka, duk a Kudu suke. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare tana da darasin al'adu da fasaha wanda ya ƙunshi kiɗa, amma malamin da ya iya karanta rubutun kiɗa yana da wuyar samu a makarantun karkara.

Inda za a fara

Duk da haka, abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gari ɗaya ba. Kiɗan hannu huɗu hanyar koyarwa ce mai arha: na'ura ɗaya, ɗalibai biyu, ko malami a hagu ɗalibi a dama. Mai koyo yana buga sauti biyar kacal, malami yana shimfiɗa masa kari a ƙasa, sai yaro ya ji kansa a cikin cikakken kiɗa tun makon farko. Alamomin rubutun kiɗa ba su kai wuyar haɗa baƙi da wasali ba, kuma akwai manhajojin kwamfuta na kyauta, irin su MuseScore, da ke rubuta kiɗa su kuma maimaita wa mutum abin da ya rubuta. Saurayin da ya iya ɗauke waƙa da kunne ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa. Abin da zai ƙara shi ne ya kashe gangunan inji, ya ɗora wa hannunsa na hagu aikin da na'ura ke yi masa.

Sai kuma aikin tattarawa, wanda shi ne ya fi gaggawa. Masu gangar noma da suka san taken kowane gwarzon manomi a ƙauyukan Gwarzo, da masu kalangun mahauta a kasuwannin Kabo, da tsofaffin mata masu kiɗan ƙwarya, yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu da dama sun kama wasu sana'o'in. Wayar da ke aljihun kowane saurayi ta fi na'urar da Bartók ya yi yawo da ita inganci nesa ba kusa ba. A je a gaishe su, a nemi izini, a ɗauki kiɗan, a rubuta sunan mai shi da garinsa da sunan taken, a kuma ba shi haƙƙinsa idan abin ya kawo riba. Jami'ar Bayero, wadda ke kan wannan hanya tamu, tana da masana harshe da adabi da wasan kwaikwayo da za su iya jagorantar adanawa, gidajen rediyon Kano da Kaduna kuma suna da tsofaffin faya-fayai da za a koma gare su.

Euba da Uzoigwe da Nketia ba su jira wani ya zo daga waje ya rubuta musu gangunansu ba. Sun koyi fasahar baƙo har suka ƙware, suka koma gaban tsofaffin makaɗan garuruwansu suka durƙusa suka koya, sannan suka haɗa biyun. Shi ya sa yau ɗalibi a Landan ko Amurka yake zama ya yi wata da watanni yana fama da karin ukom. Kalangu bai gaza ukom ba, taken gangar noma bai gaza waƙar aikin Builsa ba. Matasan Gwarzo da Kabo suna da kunnen, suna da na'urar, kuma malaman gargajiyar suna raye a unguwanninsu. Idan masu hali da shugabannin makarantu na waɗannan ƙananan hukumomi biyu suka samar da fiyano ɗaya mai kyau da malami ɗaya da ya iya rubutun kiɗa, to an kafa harsashin ranar da za a buga littafin kiɗan fiyano mai ɗauke da taken ƙasar Kano, da sunan ɗan ƙasar a bangonsa.